BABI NA HUƊU: GANE-GANEN MAYE DA TABAR WIWI DA NEMAN MAGANIN SHAYE-SHAYE A GUSAU DA TSAFE DA BUNGUƊU

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ire-iren kayan mayen da matasa ke ta'ammali da su a garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu. A wannan babi kuwa za a dubi wani ɓangare guda na maye, wato gane-gane, da yadda ya danganci shan tabar wiwi da kuma neman magani ga wanda shaye-shaye ya kama. Abin da ya jawo wannan bayani shi ne wata magana da ta fara yawo a bakin wasu matasa masu ɗan karatun boko, cewa ai yanzu likitocin Turai da Amurka da kayan maye suke raba mutum da shaye-shaye. Maganar tana da tushe. To amma idan aka ɗauke ta yadda take aka ɗora a kan abin da ake sha a waɗannan garuruwa, za a yi mummunar fahimta, domin abin da ke sa matashin Gusau gane-gane daban yake da abin da waɗancan likitoci ke gwadawa, ko da yake Bahaushe ya haɗa su a ƙarƙashin kalma ɗaya.

4.1 Kalmar Maye da Rabe-Rabenta

Bahaushe yana da kalmomi da yawa na bayyana wanda ya sha ya bugu. Akan ce ya yi tatil, ko ya yi mankas, ko ya yi marisa, matasa kuma su ce ya yi caji. Idan aka lura, duk waɗannan kalmomi suna nuna yawan mayen ne, ba su nuna irinsa ba. Kalmomin da suka ɗan taɓo iri su ne gane-gane da jiye-jiye da sambatu, su ma an fi amfani da su ga mai zazzaɓi mai zafi ko mai taɓin hankali ko wanda ake zaton iska ta buge shi.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan al'amari. Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya kasa abubuwan da ke gusar da hankali kashi uku. Akwai muskir, wato abin da ke gusar da hankali tare da nishaɗi da annashuwa, kamar giya. Akwai mufsid, mai rikita hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, alhali mutum yana ji yana gani, kuma a nan ne ya saka hashisha, wadda ita ce wiwi. Sai murƙid, mai tafiya da hankali da ji da gani baki ɗaya. Shehu Ahmad Dardir, wanda ya rasu a 1786, ya maimaita wannan rabo a sharhin da ya yi wa Muhtasar Halil, littafin da har yau ake karantawa a zaurukanmu, kuma misalin da ya bayar na kashi na uku shi ne datura, wato zaƙami. Dukkan malaman sun haɗu a kan haramcin shan abin da zai gusar da hankali daga kowane kashi. Abin da ya shafi wannan bincike shi ne, sun gane cewa wiwi daban, zaƙami daban, tun kafin masana kimiyya su san dalili.

4.2 Tabar Wiwi

Ana kyautata zaton cewa shan wiwi ya yaɗu a Nijeriya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama da Arewacin Afirka, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. A 1966 gwamnatin soja ta kafa doka mai tsanani wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, da shekara 10 ga mai sha. An sassauta dokar a 1975. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48. A Zamfara kuwa, jihar da aka ƙirƙiro daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, shari'ar Musulunci ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe mashaya. Rufe mashaya abu ne mai sauƙi domin gini ce mai ƙofa. Wiwi kuwa a ƙulli take, a aljihu, kuma yawancinta daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta ake ɗauko ta a ɓoye cikin manyan motoci.

Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka fitar a farkon 2019, ta nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari. Daga cikinsu miliyan 10.6 wiwi suka sha. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan uku ke nan.

Sinadarin da ke sa maye a wiwi shi ne THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware a Isra'ila a 1964. Mai shan wiwi yakan ji lokaci ya yi tsawo, sauti ya ƙara daɗi, yunwa ta taso, dariya ta yi yawa. Ba kasafai wiwi ita kaɗai ke sa mutum ya ga abin da babu shi ba. Abin da ta fi jawowa idan ta yi yawa shi ne tsoro da zargi, mutum ya riƙa jin kamar ana magana a kansa ko ana bin sa. Ga wasu kuwa abin yakan zarce. Wani bincike da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Burazil, wanda aka buga a 2019, ya gano cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen kamuwa da taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfi ce kusan sau biyar.

Akwai wata magana da mashaya ke yawan yi, cewa ganye ba ya kama mutum kamar ƙwaya. Wannan ba daidai ba ne. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka taɓa sha yakan kasa bari, kuma idan tun yana ɗan saurayi ya fara, sai ya koma ɗaya cikin shida. Wanda ya saba ya daina yakan yi fama da rashin barci da saurin fushi da rashin cin abinci na mako ɗaya zuwa biyu. Har yanzu kuma babu wata ƙwaya ko allura da hukumomin magunguna suka amince da ita a matsayin maganin wannan kamu. Nasiha ce da zama da mai ba da shawara kawai ake da su.

4.3 Zaƙami

Idan aka ji an ce matashi a Tsafe ko Bunguɗu ya sha wani abu yana gane-gane, zaƙami ne abin da ya kamata a fara tuhuma. Tsiro ne da ke fitowa da kansa a juji da kangon gida da bayan gari, yana da fure fari mai kama da kakaki, da 'ya'ya masu ƙaya cike da ƙananan iri. Ana kuma kiran sa babba-jibji, amma sunan da ya fi bayyana halinsa shi ne haukata-yaro. Tun a 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya rubuta waɗannan sunaye a cikin littafin da ya tattara na sunayen tsirrai da Hausa. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna amfani da ganyensa a kan kumburi da kuma hayaƙi ga mai fuka, kuma akan ce wasu samarin Fulani kan sha shi kafin sharo don kada su ji zafin bulala. A yau matasa na cuɗa shi da wiwi idan sun ga ta daina yi musu aiki, wasu kuma su zuba wa jama'a a zoɓo ko kunu a wurin biki da sunan wasa. Ba a sayen sa, ba a kuma buƙatar dila, shi ya sa wuyar hana shi ta fi ta wiwi.

Sinadaran da ke cikinsa, wato atirofin da sikofolamin da hayosayamin, suna toshe aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna asitilkolin, wanda da shi ne mutum ke riƙe abu a ka, kuma da shi jiki ke fitar da yawu da zufa. Saboda haka wanda ya sha zaƙami bakinsa kan bushe ƙamas, fatarsa ta yi zafi ba gumi, baƙin idonsa ya buɗe har haske ya dame shi, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sai ya fara tsintar abin da babu a jikin tufafinsa ko a bango, yana hira da mutanen da ba sa wurin. Ba ya sanin cewa maye ne yake yi, a wurinsa duk abin da yake gani gaskiya ne, don haka yana iya faɗawa rijiya ko wuta. Halin yakan kai kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Bugu da ƙari, ƙarfin dafin ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, ta yadda abin da wani ya sha ya tashi, wani zai sha ya mutu. Ƙwayar nan da matasa ke kira ezol, wadda asalinta maganin karkarwar jiki ce, ta wannan hanya ɗaya take aiki idan an sha da yawa.

Mai wannan bincike ya shaida irin wannan a unguwarsu a Gusau. Wani saurayi da aka sani da shan wiwi, abokansa suka haɗa masa da zaƙami bai sani ba. Da magariba aka same shi a zaure yana tsintar wani abu a ƙasa yana zubawa a aljihu, yana gaisawa da kakarsa wadda ta shekara biyar da rasuwa. Mahaifiyarsa ta ce gamo ya yi, aka ɗauko mai ruƙiyya aka kwana ana karatu, ƙarti biyu na danne da shi. A rana ta uku ya farfaɗo yana neman ruwa. Da aka tambaye shi abin da ya gani, bai tuna komai ba, har ya yi musun cewa an yi haka. Kafin mako ya zagayo ya koma majalisarsu ta da. Wannan rashin tunawa shi ne abin da ya kamata a riƙe, domin a kansa ne bambancin da za a kawo a gaba ya ginu.

4.4 Gane-Gane a Matsayin Magani a Ƙasashen Waje

Akwai wani rukuni na kayan maye da Turawa ke kira saikidelik, kalmar da likita Humphry Osmond ya ƙirƙiro a 1956 daga Girkanci, da ma'anar abin da ke bayyanar da zuci. Manyansu su ne LSD, wanda Albert Hofmann ya harhaɗa a Suwizalan a 1938 ya kuma gano aikinsa a 1943, da silosibin, wanda ake samu a wata irin laimar kwaɗi. Waɗannan suna aiki ne ta kafar sinadarin sirotonin. Wanda ya sha yakan ga launuka da siffofi suna motsi, ya ji kamar iyakar da ke tsakaninsa da sauran halitta ta gushe, al'amuran rayuwarsa su riƙa dawo masa. Galibi ya san cewa abin da ya sha ne ke aiki, yana iya magana da wanda ke kusa, kuma washegari yana tuna kusan komai. Wannan rukuni baƙo ne a ƙasar nan. A ƙididdigar 2019 da aka ambata, masu amfani da kayan sa gane-gane ba su kai dubu 30 ba a duk Nijeriya.

Osmond da abokin aikinsa Abram Hoffer ne suka fara ba mashaya giya LSD a lardin Saskacewan na Kanada a shekarun 1950. Da farko nufinsu shi ne su tsorata mashayin, sai suka lura cewa waɗanda suka daina sun fi danganta abin ga wani sabon gani da suka yi wa rayuwarsu. Aikin ya tsaya bayan da matasan Amurka suka mai da LSD abin holewa, aka haramta shi, sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara haramcin a duniya. A 2012 wasu masana biyu a Nowe suka sake duba gwaje-gwaje shida na wancan zamani, masu mutum 536, suka ga lallai an sami raguwar shan giya na wasu watanni.

A 2014 Jami'ar Johns Hopkins ta ba mashaya sigari 15 silosibin, bayan wata shida aka tarar 12 sun daina. A 2022 Michael Bogenschutz na Jami'ar New York ya fitar da sakamakon gwaji a kan mashaya giya 93. Waɗanda aka ba silosibin sun yi shan wuce kima a kashi 9.7 cikin ɗari na kwanakin gwajin, waɗanda aka ba wata ƙwaya daban kuwa kashi 23.6. Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da silosibin daga Yulin 2023, amma ga ciwon baƙin ciki mai tsanani kawai. Daga Afirka kuma akwai iboga, saiwar da mabiya addinin Bwiti na Gabon ke ci a bikin shigar da sabon mabiyi. Wani matashi Ba'amurke, Howard Lotsof, ya ce a 1962 sinadarinta, wato ibogen, ya raba shi da hodar hirowin. Sai dai ibogen na rikita bugun zuciya, kuma an sami mace-mace da dama a wuraren da ake bayar da shi.

A ganin mai wannan bincike, akwai abubuwan da masu yaɗa waccan magana ba su kula da su ba. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma gwajin Johns Hopkins ba shi da rukunin da za a kwatanta da shi. A na New York ma kusan kowa ya gane abin da aka ba shi, wanda hakan kan iya ƙara wa mutum sa rai. Sannan ba ƙwayar kaɗai ake miƙa wa mutum ba. Sai an yi makonni ana zama da shi, a ranar sha kuma ma'aikata biyu su zauna tare da shi awa shida zuwa takwas, bayan nan a sake makonni ana tattauna abin da ya gani da yadda zai yi aiki da shi. Ke nan, tunawa da abin da aka gani ita ce jarin maganin. Saurayin da aka ba da labarinsa a sama ya yi kwana biyu yana gane-gane, amma ya tashi ba shi da abin da zai faɗa wa kowa.

Game da wiwi kuwa, hujjar ta fi ƙaranci. Manyan gwaje-gwajen a kan giya da sigari aka yi su. Wanda ya shafi wiwi kai tsaye shi ne wani ɗan ƙarami da aka buga a 2021 a New York, inda aka yi amfani da ketamin, maganin sa barci a ɗakin tiyata, a kan mutum takwas kacal. Wani abin lura kuma, waɗannan gwaje-gwaje ba sa karɓar wanda ya taɓa samun taɓin hankali ko yake da shi a danginsa na kusa, domin abin na iya tayar da ciwon. To matashin da iyaye a Gusau ke nema wa magani, sau da yawa sai wiwi ta kai shi ga sambatu ake tashi tsaye, wato shi ne ainihin wanda likitocin can za su ƙi ɗauka.

4.5 Inda Ake Kai Mai Shaye-Shaye a Nan

Yadda aka fassara gane-gane shi ke yanke inda za a kai mai yin sa. A wannan yanki tunanin iskoki yana da tsohon tarihi. Dutsen Kwatarkwashi da ke cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu sananne ne da bautar iskoki da bikin Baura a zamanin maguzanci, kuma ko da yake wannan ya kau, fassarar ta saura. Akwai kuma kunya. Ya fi sauƙi uwa ta ce ɗanta gamo ya yi da ta ce ɗan wiwi ne, musamman idan yana da ƙanne mata da ba a aurar ba. Don haka akan fara da rubutun sha da hayaƙi da ruƙiyya. A sha'anin zaƙami dafin kan fita da kansa bayan kwana biyu, sai a ce aljanin ne ya fita, ba wanda zai koma kan wiwin da ta kai yaron majalisar tun farko.

Idan abin ya ci tura sai gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, sannan a Oktoba aka sake samun irinsa a Daura. Yawancin waɗannan mutane iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Bai kamata a yi saurin zagin iyayen ba, ganin cewa ba su da zaɓi mai yawa. Mari yana raba yaro da wiwi muddin yana ɗaure, amma ba ya taɓa dalilin shan, kuma da yawa kan fito da ƙiyayyar iyayensu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mai taɓin hankali haƙƙin a yi masa magani ba tare da azabtarwa ba.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanen wannan yanki suka fi sani shi ne na Kware a Jihar Sakkwato, sai na Barnawa a Kaduna. Daga Gusau zuwa Sakkwato ya haura kilomita 200, wanda ke Tsafe kuma idan Kaduna ya nufa sai ya bi hanyar Funtuwa, wadda 'yan bindiga suka sha tarewa. Ga kuɗin mota, ga na gado, ga na mai jinya. Wanda ya sha zaƙami ba ya buƙatar wannan doguwar tafiya a daren farko. Idan aka ga baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, baƙin ido ya buɗe, asibiti mafi kusa ya isa, kamar babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, inda za a ƙara masa ruwa, a sauko da zafin jikin, a yi masa allurar kwantar da hankali, a kuma sa masa robar fitsari idan ya ƙi fita. Danne shi da ƙarfi a rufaffen ɗaki cikin hayaƙi yana ƙara zafin jikin da shi ne ke kisa. Maganar wiwin kuwa sai bayan ya farfaɗo za a fara ta, kuma ita ce ke ɗaukar watanni.